Hoto Ma Yana Buƙatar Isnadi: Darasi Daga Rano da Kibiya

Hausawa na cewa gani ya kori ji. An yi wannan karin magana a zamanin da idon ɗan Adam kaɗai ke gani, wanda ya ga abu kuwa yana nan a gari, ana iya tsare shi da tambaya, ana kuma iya bincika ko an san shi da gaskiya. Da kyamara ta zo, sai aka ɗora mata wannan amana ba tare da an sake auna ta ba. Yau a kasuwar Rano ko a majalisar dattawa a Kibiya, gardama kan mutu da zarar wani ya zaro waya ya nuna hoto. Ba a cika tambayar wanda ya ɗauka ba, balle ranar da aka ɗauka, balle abin da aka bari a waje. Alhali mutanen nan ne waɗanda in an kawo musu hadisi, ko ƙaramin ɗalibinsu ya san a tambayi wanda ya ruwaito shi.

Akwai fagen ilimi da ya keɓanta da irin waɗannan tambayoyi, wato nazarin tarihin hoto da falsafarsa. Da yawa suna ɗaukar sa a matsayin kayan alatun jami'o'in Turai, abin da manomin dawa da mai shago ba su da buƙata da shi. Wannan kuskure ne, kuma masarautar Rano tana cikin wuraren da suka fi dacewa a nuna hakan, domin tsohuwar ƙasa ce mai dogon tarihi, wadda a yau mafi yawan hotunan mutanenta suna hannun hukumomi ko cikin wayoyin da ke lalacewa.

Inuwar da aka tsare

Asalin kyamara ya girmi Turawan da suka ƙera ta. Alhasan Ibnul Haisam, mutumin Basra da ya zauna a Alƙahira ya rasu wajen shekarar 1040, ya yi bayanin yadda haske ke ratsa ƙaramar kafa ya shiga ɗaki mai duhu, ya jefa surar abin da ke waje a bangon ciki a kife. Duk wanda ya yi ƙailula a ɗakin ƙasa mai hudajjiyar ƙofa yana iya ganin haka da idonsa. Abin da ya gagara tsawon ƙarnoni shi ne hana surar gushewa. Bafaranshe Nicéphore Niépce ya yi nasarar kafe ta a kan farantin ƙarfe wajen shekarar 1826, bayan ya bar shi a rana na tsawon sa'o'i. A 1839 aka bayyana wa duniya dabarar Louis Daguerre a birnin Paris, a 1888 kuma George Eastman na Amurka ya fito da kyamarar Kodak wadda kowa zai iya riƙewa.

Ko wannan ɗan taƙaitaccen tarihi yana da amfani nan take. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rasu a 1817, ɗansa Muhammadu Bello a 1837. Sarkin Kano Muhammadu Alwali, wanda aka kashe a Burumburum a kudancin Kano, ya riga su duka. Saboda haka duk surar da ake yaɗawa a Facebook ko WhatsApp da sunan hoton ɗayansu, ko dai zane ce ko kuwa hoton wani mutum ne dabam. Sanin shekara guda, 1839, ya isa ya kare mutum daga rungumar ƙarya a kan magabatansa.

Masu ganin cewa falsafar hoto baƙuwa ce a ƙasar Hausa sun manta da zauren malamai. Tun da kyamara ta shigo ƙasashen Musulmi ake tattauna hukuncinta, kuma tattaunawar ta tilasta a fara tantance mene ne hoto. Mashahurin ra'ayin Malikiyya ya ɗora haramci a kan sura mai inuwa, kamar mutum-mutumi, ya sassauta a kan wadda ke shimfiɗe a takarda ko tufa. Muftin Masar, Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, wanda ya rasu a 1935, ya tafi a kan cewa mai kyamara bai ƙagi wata sura ba, inuwar abin da Allah ya halitta ya tsare, kamar yadda madubi ke yi. Wasu malamai, irin su Abdul'aziz bn Baz na Saudiyya, sun ƙi wannan, suka hana hoton mai rai sai bisa larura. A 1980 masanin Faransa Roland Barthes ya gina littafinsa na ƙarshe a kan wannan gaɓa: abin da ya raba hoto da zane shi ne cewa abin da ke cikinsa ya taɓa tsayawa a gaban kyamara, haskensa ne ya taɓa fim ɗin. Mufti da Barthes manufarsu ta sha bamban, amma tambaya ɗaya suke amsawa. Ɗalibin da ya yi karatun fiƙihu a zaure ya riga ya shiga wannan fage ko da bai san sunansa ba.

Yanzu kuma tambayar ta sake tasowa. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna fitar da surar mutum yana yin abin da bai taɓa yi ba, a wurin da bai taɓa zuwa ba. Irin wannan sura ba inuwar kowa ba ce, don haka hujjar madubi ba ta hau kanta, shaidar da Barthes ya jingina wa hoto ma ta faɗi. Hukuncin shari'a aikin malamai ne. Abin da ya rage wa sauran jama'a shi ne su san cewa kamannin hoto ya daina zama dalili.

Wanda ke riƙe da kyamara

Ko hoton da ba a taɓa shi ba yana da gefuna huɗu, wani ne kuma ya zaɓi inda za su tsaya. Kyamara ta iso ƙasar Hausa da yawa tare da bindiga. A ranar 1 ga Fabrairun 1903 rundunar Kanar Morland ta fasa Bebeji, maƙwabciyar Rano, bayan kwana biyu ta shiga birnin Kano. A watan Yulin shekarar aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi, kuma masana tarihi sun ruwaito cewa Turawa sun ɗauki hoton gawarsa suka zagaya da shi domin karya lagon masu sauran niyyar turjiya. Hoton bai yi ƙarya ba a kan cewa Attahiru ya rasu. Amma an ɗauke shi ne domin ya yi aikin da harsashi ya fara, kuma wanda ya kalle shi bai san haka ba ya kalle shi yadda mai bindigar ya so.

Misalan da suka biyo baya sun fi laushi. Hotunan hawan daba da aka shirya wa Yariman Ingila a Kano a 1925, da wanda aka yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956, sun zaga duniya suna nuna Arewa a matsayin ƙasar dawakai da lifidi mai biyayya ga Ingila. Hotunan dalar gyaɗa sun zama tambarin arzikin Kano, ana ganin buhuna sun tokare sama kusa da layin dogo. Gyaɗar kuwa a gonakin karkara aka noma ta, da hannun manoman da ke neman kuɗin haraji, waɗanda suka kai ta wurin awo a kan jakuna, amma dalar ce ta shiga tunanin jama'a. Haka madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ruwanta kuma ya raya noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure. Hoton da hukuma ke so shi ne na katangar dam da shimfiɗar ruwa. Garuruwan da aka tashe su domin a tara ruwan suna ƙarƙashin wannan shimfiɗa, inda kyamara ba ta kaiwa. Ba a ce a ƙi hoton ba. A dai san cewa rabin labari ne, a nemi ɗaya rabin a bakin waɗanda aka tasa da 'ya'yansu.

A shekarun 1980 wasu masana biyu, Allan Sekula da John Tagg, sun jawo hankali ga wani nau'in hoto da masu tarihin fasaha suka raina: hoton da hukuma ke ɗauka domin ta gane mutum. Sun bi sawunsa zuwa ga 'yan sandan Paris na ƙarshen ƙarni na 19, inda Alphonse Bertillon ya tsara ɗaukar fuskar wanda ake tuhuma ta gaba da ta gefe a ajiye a kundi. Hujjarsu ita ce ƙarfin hoto a matsayin shaida daga hukumar da ke bayansa yake fitowa. Wannan magana ta fi kusa da rayuwar ƙauyen Kibiya fiye da kowace. Dattijuwar da ba ta taɓa shiga shagon mai hoto don raɗin kanta ba, an ɗauki fuskarta domin katin zaɓe, da lambar ɗan ƙasa, da lambar banki ta BVN da aka fara a 2014, da fasfon aikin Hajji in Allah ya nufe ta. A zaɓen 2023 na'urar BVAS ce ke tantance mai jefa ƙuri'a da yatsa ko da fuska. Wato fuskar mutum ta zama mabuɗin ƙuri'arsa da kuɗinsa da layin wayarsa, kuma kundin yana hannun wasu.

Na'urorin ma ba su tashi tsakani da Allah ba. Shekaru da dama kamfanonin fim suna daidaita launi da farar fata, har baƙin mutum ya riƙa fita dishi-dishi a hoto. A 2018 Joy Buolamwini da Timnit Gebru sun gwada manhajojin nazarin fuska na manyan kamfanoni uku, suka samu kuskurensu wajen bambance mace da namiji bai wuce kashi 0.8 cikin ɗari ba a kan fararen maza, amma ya kai kashi 34.7 a kan baƙaƙen mata. Al'ummar da ta san wannan tana da hujjar tambayar duk wanda ya kawo mata na'ura a kan fuskokin su wa aka gwada ta, da kuma abin da aka tanada wa wanda ta ƙi ganewa.

Hoton da mutum ya zaɓa wa kansa

In aka tsaya a nan za a ɗauka kyamara makamin masu iko ce kawai. Tarihin Afirka ta Yamma ya nuna wani abu dabam. Jonathan Adagogo Green na Bonny, wanda ya rasu a 1905, shi ya ɗauki sanannen hoton Oba Ovonramwen na Benin bayan Turawa sun kama shi a 1897, kuma an daɗe ana zaton mai wannan suna Bature ne. Seydou Keïta ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948. Malick Sidibé ya bi matasan birnin da kyamara har ya samu babbar lambar yabo ta baje kolin Venice a 2007. A Yamai, Philippe Koudjina ya ɗauki rayuwar dare da ta matasa bayan samun 'yancin Nijar. A irin waɗannan shaguna mai zuwa hoto shi ke da ta cewa. Shi ke zaɓar riga da hula, ya riƙe rediyo ko ya jingina da babur, ya ce ga yadda yake so a tuna da shi.

Wannan al'ada ce kowane gidan Hausa ya sani: hoton Sallah da sabon ɗinki, hoton amarya da ƙawayenta, hoton saukar Alƙur'ani da allo mai zayyana, hoton alhaji ranar dawowa, labulen shago mai zanen bene ko lambu. Masu hoton garuruwa irin Rano sun yi shekaru suna wannan aiki, kuma abin da suka tara tarihi ne na sutura da ɗinki da kitso da lalle da ginin ƙasa, wanda babu ofishin da ya rubuta shi. Labarin Keïta gargaɗi ne a nan. A 1991 an baje hotunansa a New York an rubuta cewa ba a san mai ɗaukar su ba, alhali yana zaune da ransa a Bamako. Abin da ya ceci sunansa shi ne ya adana dubban finafinan da ya wanke hotunan daga cikinsu. Mai hoton da ya rufe shago lokacin da waya ta kashe kasuwa, aka bar akwatunansa ga gara da damina, ba shi da wannan gata.

Ƙasar Kano tana kuma da gyaran da za ta yi wa masanan kansu. Walter Benjamin na Jamus ya rubuta a shekarun 1930 cewa buga sura da yawa da inji yana rage mata kwarjinin da take da shi lokacin da take guda ɗaya tilo. Amma hoton Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha, wanda ya rasu a 1975, an buga shi ba adadi, yana manne a shaguna da motocin haya da zaurukan almajiransa, kuma yawan bai rage masa girma a idonsu ba ko kaɗan. Ga muridi, kowane kwafi yana sada shi da shehinsa. Duk wanda zai karantar da Benjamin a Kano sai ya yi bayanin wannan, kuma a wajen bayanin ne karatun zai daina zama haddar maganar wasu.

Susan Sontag ta Amurka ta yi gargaɗi a 1977 cewa yawan kallon hotunan wahala yana dakushe tausayi, yana kuma mayar da mai wahalar abin kallo. Hoton almajiri riƙe da robar bara ya zama fuskar Arewa a rahotannin ƙungiyoyi da jaridu. Matsalar da yake nunawa gaskiya ce, ba kuma za a magance ta da ɓoyewa ba. Sai dai yaron yana da suna da iyaye da gari, galibi kuwa ba a nemi izinin kowa ba. Fati Abubakar ta Maiduguri ta nuna wata hanya lokacin da ta shiga ɗaukar rayuwar yau da kullum ta mutanen Borno, kasuwa da makaranta da biki, a daidai lokacin da duniya ba ta ganin komai daga can sai gawa da kango.

Rawani ba ya faɗin shekara

Babu abin da ya fi tarihin sarautar Rano nuna buƙatar isnadi. Rano ɗaya ce daga Hausa Bakwai, ita da Kano ne labarin Bayajidda ya kira sarakunan baba, daga baya ta zauna a ƙarƙashin Kano. A 1981 Gwamna Abubakar Rimi ya ɗaga darajarta, a 1983 Sabo Bakin Zuwo ya soke. A 2019 Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya mayar da ita masarauta mai daraja ta ɗaya, Tafida Abubakar Ila ya riƙe har rasuwarsa a watan Mayun 2020, Kabiru Muhammad Inuwa ya gaje shi. A watan Mayun 2024 aka soke dokar, bayan wata biyu kuma Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a kan wata wadda ta kafa Rano a matsayin masarauta mai daraja ta biyu da ta ƙunshi Rano da Bunkure da Kibiya.

A duk waɗannan sauye-sauye an yi hawa, an yi naɗi, an ɗauki hotuna, an rataya wasu a bango an sauke wasu. Nan da shekara hamsin, jikan da ya tsinci hoton Sarkin Rano bisa doki da rawani da alkyabba ba zai iya gane wane zamani ne ba, ko wace doka ce ke aiki, in ba a rubuta masa ba. Hoto maras kwanan wata kuwa ganima ne ga duk mai son kafa hujja a rigimar sarauta ko ta siyasa, domin zai ɗauki duk bayanin da aka liƙa masa.

Abin da ya kamata a yi

Mai suka zai ce mutanen da ke fama da tsadar taki da ƙarancin malaman makaranta ba su da lokacin wannan. Suka ce mai nauyi, kuma da ana neman a gina katafaren gidan tarihi ne da ta yi tasiri. Abin da ake bukata ya fi haka araha. Malaman hadisi sun bar ma'auni a hannu: a duba matani, a duba isnadi. A wajen hoto, matani shi ne abin da ido ya gani, isnadi kuma amsar tambayoyi ne kaɗan. Wa ya ɗauka? A ina, kuma yaushe? Wa ya biya, don me? Ta hannun wa ya biyo kafin ya iso nan? Me aka yanke? Malamin tarihi a sakandaren Rano ko malamin Islamiyya a Kibiya yana iya koyar da wannan cikin darasi biyu, da hoton dalar gyaɗa a hannu ɗaya da hoton bogi na Shehu Usmanu a ɗayan.

Sai adanawa. Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da Arewa House da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna, suna riƙe da kundaye masu daraja, amma hankalinsu ya fi karkata ga manyan birane da manyan mutane. Fadar Rano, tare da makarantar kimiyyar karkara ta Kwalejin Fasaha ta Jihar Kano da ke garin da ɗaliban sadarwa na Jami'ar Bayero, suna iya bin tsofaffin masu hoto da gidajen da suka yarda, a kwafi abin da ke akwai, a mayar wa masu shi kayansu. Sharaɗin izini a nan babba ne, musamman a hotunan mata da na cikin gida. Al'ummar da ta san kunya da sutura tana da haƙƙin ta ce wannan na iyali ne, ba na baje koli ba, kuma ma'ajiyar da ta tsallake wannan ta maimaita laifin da ake zargin baƙi da shi.

Mafi gaggawa shi ne abin da kowane gida zai iya yi a yammaci guda. A ɗauko tsofaffin hotuna daga ƙasan adaka, a zauna da kaka ko tsohon gida, a rubuta a bayan kowanne sunayen waɗanda ke ciki da wurin da shekarar, ko da ta hanyar cewa shekarar da aka yi kaza ce. A zaɓi kaɗan daga dubban da ke cikin waya a wanke su a takarda, domin waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, katinta yana mutuwa. Takardar hoto tana iya shekara ɗari in an kiyaye ta daga laima, amma mai sanin sunayen ba zai kai haka ba, kuma ranar da aka kai shi makwancinsa hoton kakan gida ya zama hoton wani dattijo da ba a san ko wane ne ba.